Baje kolin motoci na Paris: daga Ingila jirgi zaka hau ko motarka zaka tuƙa? Ga yadda ake yin lissafin

Tambayar nan ta yi yawa daga 'yan uwa mazauna Birtaniya, ɗalibai da ma'aikata, duk lokacin da shekarar baje kolin motoci na Paris ta zagayo sai an sake yi min ita: malam mu hau jirgi ne ko mu ɗauki mota mu tsallaka? Baje kolin da ake magana shi ne Mondial de l'Auto, ana yinsa duk bayan shekara 2 a watan Oktoba, a filin Porte de Versailles dake kudu maso yammacin Paris. Na 2024 an yi shi daga 14 zuwa 20 ga Oktoba. Wanda zai taso daga Kano ko Abuja shi babu wani zaɓi, jirgi ne kawai, amma mataki na 1 da na 8 da na 9 sun shafe shi shima.

Amsata a gajarce: ba son mota ne zai yanke maka hukunci ba, yawan mutanen da zaku tafi ne da garin da zaku taso. Toh ga yadda ake bi.

1. Biza kafin komai

Kar ka sayi tikitin komai, na jirgi ko na jirgin ruwa, kafin ka san matsayin bizarka. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ko Ghana dake zaune a Birtaniya yana buƙatar bizar Schengen don shiga Faransa, takardar zamanka ta Birtaniya bata shigar da kai Turai ba. Kuɗin bizar yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, banda ladan TLScontact, kamfanin dake karɓar takardu a madadin Faransa. Ana iya nema tun saura wata 6 tafiya, kuma ni shawarata ka nema da wuri sosai, don samun ranar da zasu ganka shi ne wahalar, ba cika fom ba.

Zasu nemi fasfo mai sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da zaka bar Turai, da shafi 2 babu komai, da inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da bayanan asusun banki, da wasiƙar makaranta ko wurin aiki.

Gargaɗi: zasu tambayi ta yaya zaka je kuma ta yaya zaka dawo. In da mota ne dole ka nuna tikitin tsallakawa, ka haɗa da takardun motar da lasisin direba, in motar aboki ce ka sa ya rubuta cewa tare zaku. Don haka ka sayi tikitin da ake iya canza masa rana ko a mayar maka da kuɗi. Sannan ka tabbatar fasfo ɗin da zaka yi tafiya da shi shi ne ke haɗe da asusunka na eVisa, wato izinin zamanka na Birtaniya dake intanet, in ba haka ba wajen dawowa ne zaka sha tambayoyi.

2. Ku nawa ne, kuma daga ina?

Nan ne asalin maganar take. Jirgin sama kowane kai da kuɗinsa, mota kuwa kuɗin tsallakawa na motar ne gaba ɗaya, ko kai kaɗai ne ko ku biyar ne kusan duk ɗaya. Kaga kenan mutum ɗaya ko biyu da wuya mota ta fi musu sauƙi. Mutum uku ana kankankan. Huɗu ko biyar, mota ta fara cin riba.

Sai nisa. Daga Landan zuwa Folkestone, inda ake tsallakawa, wajen mil 70 ne, daga Calais, inda ake sauka a Faransa, zuwa Paris kusan kilomita 290, tuƙin awa 3 in hanya ta yi kyau. Wanda ke Landan ko Kent ko Essex in ya fita da asuba zai iya cin abincin rana a Paris. Amma ɗan uwan dake Manchester sai ya ci fiye da mil 260 kafin ma ya ga ruwa, wanda ke Newcastle ko Glasgow kuma ba'a magana, wuni guda cur zai ƙare a kan titin Ingila, ya kwana, washegari ya tsallaka, sannan ya zo ya yi yawon ƙafa a rumfunan baje koli da gajiyar kwana biyu a jikinsa. Ni dai in kana arewa da Birmingham kuma hutun ƙarshen mako kawai gareka, ka hau jirgi ka huta.

Tambaya ta uku: direbobi nawa ne a motar? Ba wanda ya iya tuƙi ba, wanda sunansa ke kan inshora kuma lasisinsa ke aiki. In mutum ɗaya ne zai tuƙa zuwa da dawowa sauran suna barci suna cin gyaɗa, a cire masa kaso a kuɗin mai, adalci kenan.

3. Yi lissafi a takarda, ba a ka ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauki kuɗin mai kawai ya gwada da tikitin jirgi. Ga abinda zaka tara a ɓangaren mota: tsallakawa zuwa da dawowa, mai, tolget ɗin Faransa, fakin na duk kwanakin, inshorar lalacewar mota a Turai, sitiku da ƙananan kayan da doka ta ce. Misali daga Landan zuwa da dawowa kusan kilomita 800 ne, motar dake shan lita 7 a kilomita 100 zata sha lita 56. Tolget tsakanin Calais da Paris ka ware yuro 20 zuwa 30 kowace tafiya. Sai ka raba jimlar da yawanku.

A ɓangaren jirgi kuma ba tikitin kaɗai ba: kuɗin zuwa filin jirgi a Ingila ko fakin a can, kuɗin jaka, kuɗin shiga gari daga filin jirgin Paris zuwa da dawowa, kowanne sau yawan mutane. Tikitin fam 30 ɗin nan da ake gani da ƙarfe shida na safe, in ka ɗora masa tasi na tsakar dare da jaka sai kaga ya ninka sau uku.

Kar kuma ka manta da na uku, jirgin ƙasa na Eurostar. Daga tashar St Pancras a Landan zuwa Gare du Nord a Paris awa 2 da kusan minti 20, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Ga wanda ke Landan shi kaɗai ko su biyu, in ya saya da wuri, gaskiya ya fi jirgin saman ma.

4. In mota ce: takardu

Lasisi. Cikakken lasisin Birtaniya mai hoto yana aiki a Faransa ba sai da na ƙasa da ƙasa ba. Lasisin koyo baya aiki ko kaɗan a waje, ko da akwai ƙwararre a gefenka. Lasisin Najeriya kuma wata 12 kawai yake yi maka aiki a Birtaniya daga ranar da ka zama mazauni, in ya wuce haka inshorarka ma tana cikin matsala tun kafin ka kai Dover. In kana cikin wata 12 ɗin, Faransa zata so ka haɗa shi da lasisin ƙasa da ƙasa ko fassarar Faransanci ta hukuma.

Takardar mallakar mota V5C ta asali, ba kwafi ba. In motar haya ce ko ta kamfani, sai ka nemi takardar izini ta VE103 daga masu ita, kuma ka nema da wuri don ba a rana ɗaya suke bayarwa ba kullum. In kana biyan motar wata wata ne ka duba yarjejeniyarka ko sai ka sanar dasu. MOT, wato gwajin lafiyar mota, da harajin mota su zama basu ƙare ba har ka dawo.

Inshora. Tun Agustan 2021 ba'a neman koren kati a Faransa ga motar Birtaniya, amma ka kira kamfaninka ka tambaya ƙarara: cikakkiyar inshorar da nake da ita tana bina Turai ko ta ɗaya ɓangaren ce kawai? Da yawa ta ɗaya ɓangaren ce, wato in ka bugi wani zasu biya shi, taka motar kai ka sani.

Gargaɗi: inshorar lalacewa a hanya ta Birtaniya bata tsallaka ruwa sai ka ƙara kuɗi. A babban titin Faransa in mota ta tsaya, ba kowa ke da izinin janye ta ba sai kamfanin da aka amince wa, ka kira ta wayar gaggawa mai ruwan lemu dake gefen titi ko 112, su fitar da kai, sannan naka kamfanin ya karɓa. Dawo da mataccen mota daga Faransa zuwa Ingila da kuɗin aljihunka zai iya fin kuɗin tsohuwar motar kanta.

5. Kayan da zaka sa a motar

Sitikar UK a baya, sai dai in lambar motar na ɗauke da UK da tutar Birtaniya. Tsohuwar GB an daina amfani da ita tun Satumban 2021, a cire ko a rufe. Rigar ƙyalli mai ruwan ɗorawa, a cikin mota inda hannunka zai kai ba a but ba, don dokar ita ce ka saka kafin ka fito, kuma gara kowa ya samu tasa. Alamar tsayawa mai kusurwa uku. Ledar da ake manna wa fitilun gaba don kar su kashe wa masu tahowa ido, tunda fitilar motar Ingila an saita ta ne don tuƙin hagu, wasu sabbin motoci ana canza wannan daga cikin allon mota.

Sai sitikar Crit'Air, wadda ke nuna ajin hayaƙin motarka, Paris na cikin wuraren da ake nemanta. Kusan yuro 5 ce har da kuɗin aikowa, ana saye a certificat-air.gouv.fr kawai, zaka ɗora hoton V5C. Akwai shafukan 'yan damfara da zasu karɓi ninki biyar ko fi, ka kula da adireshin. Ta gidan waya take zuwa, tana iya ɗaukar makonni, don haka ranar da ka yanke shawarar mota ce ranar ka nema. Motar fetur daga 2011 zuwa sama aji na 1 ce, dizal daga 2011 aji na 2, waɗannan basu da matsala. Dizal ɗin kafin 2011 da fetur ɗin kafin 2006 su ne aji na 3 zuwa ƙasa da ake takura wa a ranakun aiki daga 8 na safe zuwa 8 na dare. In taka tana cikinsu, wannan kaɗai ya isa dalilin hawa jirgi.

Gargaɗi, kuma wannan namu ne: nama da madara da duk abinda aka yi dasu haramun ne a shiga dasu Tarayyar Turai daga Birtaniya tun 2021. Kilishin da Hajiya ta aiko, dambun nama, soyayyen kaza a kula, duk a cinye kafin iyaka ko a bari a gida.

6. Tsallaka ruwa

Hanya biyu ce. LeShuttle, jirgin ƙasan dake ɗaukar motoci ta ramin ƙarƙashin teku daga Folkestone zuwa Calais, minti 35, zaka tuƙa motarka ka shiga tarago ka ja burkin hannu ka zauna a ciki. Ko jirgin ruwa daga Dover zuwa Calais, wajen minti 90, akwai P&O da DFDS da Irish Ferries. Jirgin ruwa galibi ya fi arha, kuma direba zai fito ya miƙe ƙafa ya sha shayi, a yi alwala a nemi lungu a yi sallah. Ramin ya fi sauri kuma babu ruwansa da igiyar ruwa, ga masu jin jiri da amai a Oktoba wannan ba ƙaramin abu bane. Motar dake aiki da iskar gas ta LPG LeShuttle baya ɗauka.

'Yan sandan iyakar Faransa a ɓangaren Ingila suke, tun a Dover ko Folkestone zasu duba fasfo da biza kafin ka hau. Tun Oktoban 2025 kuma an fara sabon tsarin EES mai ɗaukar hoto da zanen yatsa. Mota cike da masu koren fasfo tana ɗaukar lokaci fiye da ta Turawa, wannan sananne ne, ka iso da ratar awa 2, takardun otal da tikitin baje kolin suna hannu ba a ƙasan jaka ba.

Gargaɗi: in ka biyo M25 ta gabas ka haye Dartford, akwai kuɗin da ake biya ta intanet kafin 12 na daren washegari, babu shinge babu mai tsayar da kai, wasiƙar tara ce kawai zata iske ka a gida. Kuma Faransa na gaban Ingila da awa 1, mutane na rasa jirgin dawowa saboda wannan.

7. Titin Faransa

Hannun dama ake tuƙi, irin na gida Najeriya, don haka kanka ba zai ɗaure ba sosai, matsalar ita ce sitiyarinka na dama, kana zaune a gefen kwata, baka ganin gaba in zaka wuce babbar mota. Na kusa da kai shi ne idonka, kar ya yi barci. Shataletale kuma ta dama ake shiga.

Daga Calais ko ka bi A26 ka haɗe da A1, ko ka bi A16 ta Boulogne da Amiens. A16 ta fi shiru, A1 cike take da tireloli kuma tana wucewa ta gefen filin jirgin Charles de Gaulle inda cunkoso ke farawa. Gudu 130 ne a babban titi, 110 in ana ruwa, kuma kilomita ne ba mil ba, 130 wajen mil 80 kenan a agogon motarka. Na'urar gano kyamarar gudu haramun ce.

Wajen tolget injin yana gefen hagu, wato gefen fasinja a motarka. Shi zai zuge gilashi ya zari tikiti a shiga, shi zai sa tikiti da kati a fita, in kai kaɗai ne sai ka cire bel ka miƙe bisa kujera kana laluben rami motoci na jira a bayanka. Layin dake da harafin t mai ruwan lemu shi kaɗai na masu na'ura ne, kar ka shiga, nemi mai koren kibiya ko hoton kati. In kuma ta Normandie ka shigo ka biyo A13, can an cire shingayen tun 2024, kyamara ke ɗaukar lamba, kana da awa 72 ka biya ta intanet.

Mai: Gazole shi ne dizal, SP95 da SP98 fetur ne. Gidajen man manyan kantuna irin su Carrefour da Leclerc sun fi na kan babban titi arha nesa ba kusa ba.

8. Kar ka kai motar ƙofar baje koli

Wannan ne abinda nafi so a ji. Motar aikinta ta kawo ku Paris ne, daga nan ta huta. Titin zoben dake kewaye da birnin, Périphérique, an mayar da gudunsa 50 tun Oktoban 2024, kuma a kansa mai shigowa daga dama shi ke da hanya ba kai dake ciki ba, ga babura na ratsawa tsakanin layuka. Fakin a gefen titi a gunduma ta 15 inda filin yake yuro 4 ne a awa ga baƙo, amma in motarka ta fetur ko dizal ta haura tan 1.6 ya zama yuro 12 a awa, a tsakiyar gari 18. Jif ɗin da kake taƙama da ita nan zata cinye ka.

Abinda ake yi: ka kama otal mai wurin fakin nasa a Issy-les-Moulineaux ko Vanves ko Malakoff ko Montrouge, duk suna maƙwabtaka da filin, ka ajiye mota ka manta da ita har ranar tafiya. Ka tambaye su tsayin ƙofar garejin kafin ka biya, da yawa basu wuce mita 1.90 ba, mai akwati a saman mota ba zai shiga ba. Kuma kar a bar ko jaka ɗaya a kujera, lambar waje tana jan ido.

Filin kansa jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 12 na tsayawa a ƙofarsa, haka taragon T2 da T3a.

9. In jirgi ne

Duba wane filin jirgi tikitin ya rubuta. Charles de Gaulle da Orly su ne na Paris. Beauvais, inda Ryanair ke sauka, yana da nisan kusan kilomita 80, sai ka ƙara kuɗin bas da fiye da awa guda, arhar ta tafi.

Daga Charles de Gaulle ka hau jirgin ƙasa na RER B ka sauka Cité Universitaire, ka fito ka hau T3a mai zuwa Pont du Garigliano, zai ajiye ka Porte de Versailles. Daga Orly layi na 14 ne, ya isa can tun Yunin 2024, ka canza zuwa 12 a Madeleine. Daga Gare du Nord layi na 4 zuwa Montparnasse, sai 12 mai zuwa Mairie d'Issy. A 2025 tikitin filin jirgi yuro 13 ne, na cikin gari 2.50.

Gargaɗi: duk wanda ya tare ka a cikin filin jirgi yana cewa tasi, ba ɗan tasin gaskiya bane. Na gaskiya suna layi a waje kuma kuɗinsu zuwa cikin Paris ƙayyadadde ne. Aljihu kuma a kula a RER B da layi na 4, fasfo a jikinka ta ciki.

10. Ranar shiga

Sayi tikiti ta intanet a shafin baje kolin, ka duba ranar da kyau don ranar farko galibi ta 'yan jarida ce. Asabar da Lahadi cika ake sosai, sai ka yi layi kafin ka zauna a cikin mota ɗaya, a 2024 wajen sabuwar Renault 4 mai lantarki da motocin China irin su BYD da Xpeng haka aka yi ta cincirindo. In zaka iya ɗaukar hutu Laraba ko Alhamis ka je da buɗe ƙofa. Takalmi mai laushi, batirin caji na waya, ruwa. Abincin ciki da tsada kuma halal ba tabbas, ka ci ka ƙoshi kafin ka shiga. In Juma'a ta same ku a can, babban masallacin Paris na kusa da tashar Place Monge a layi na 7, ku fita da wuri don cika yake.

Masu mota, kar ku sa tsallakawar dawowa a daren ranar da kuka wuni a baje kolin. Ku kwana, ku bar Paris da sassafe kafin cunkoso, ku ba kanku awa 5 tsakanin barin otal da lokacin jirgin Calais.